Madam Raishatu, Mai Kiwon Ƙwari a Tukunya

Madam Raishatu ba ta shan shayin safe sai ƙwarinta sun ci. Duk wanda ya taɓa yin maƙwabtaka da ita a Tanut ya san haka. Tana idar da sallar asuba za ta zagaya bayan ɗaki, inda ta kafa wata rumfar zana, ta tsuguna gaban tukwane goma sha biyu da aka binne rabinsu cikin yashi. Ta taɓa yashin da bayan hannu, in ya bushe ta yayyafa masa ruwa. Ta ɗaga ƙyallen bakin kowace tukunya, ta leƙa da ɗan gilashin ƙara girman nan da ke rataye a wuyanta, ta ɗiga ruwan zuma a kan auduga ta saka musu. A jikin ginshiƙin rumfar akwai wata ƴar jakar algarara, irin yadin buhun nan mai ramuka, wankakkiya, babu komai a cikinta. Shekara tara ke nan tana rataye a wurin.

Kafin rana ta yi zafi ta ɗaure kwalinta a bayan tsohon moto, wato babur. Yau Gangara, gobe Falanko, jibi ƙauyukan Olelewa, wani lokaci har ƙasar Belbeji, cikin yashin da ke kayar da ƙato. Shekara talatin da ɗaya tana wannan zirga-zirga a matsayin jami'ar kare amfanin gona. A ƙarshen daminar bana za ta ajiye aiki.

Ni ba malami ba ne. Lakwal ma, wato makarantar boko, tun aji biyar na gudo, kuma har yau ban iya zama wuri ɗaya ba. Amma akwai hannun matar nan a cikin hatsin da gidanmu ke ci, kuma abin da zan faɗa, mutanen garinmu, Garin Aduwa, sun gan shi da idonsu.

Manomin yankinmu na Damargu ba ya bukatar a gaya masa mene ne murzuna, amma saboda na nesa: tsutsa ce da ke shiga zangarniyar hatsi tana fure, ta bi ta da ci tana zagayawa, ta bar zane kamar an naɗe ta da igiya. Daga nesa gona shar, sai ka matso ka kama zangarniya ka ji ta sakayau. Madam ƴar manomi ce daga Gangara. Tana ƙarama ta ga shekarar da mahaifinta ya dawo daga gona da damin da ko jaki bai ji nauyinsa ba. Ta ce tun daga ranar take son ta san abin da ke cikin zangarniyar nan, kuma wannan tambayar ce ta kai ta har makarantar aikin gona.

Maganin da take yawo da shi ba ruwa ba ne, ba hoda ba. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai sauro girma ba. Macensa takan bi murzuna har cikin raminta, ta harbe ta, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Ba Madam ta gano wannan ba, kuma ita ce ta farkon faɗa. Masana ne suka gano a ɗakunan bincike, suna aiko da ƙwarin a cikin ƙananan jakunkuna: ɗan hatsi, ɗan gari, tsutsotsin gari don su zama abinci, da matan ƙwaron guda biyu. A rataye jakar a inuwa, bayan kwana takwas ko tara ƴaƴan su fito ta ramukan algararar su bazu cikin gonaki.

Shekara tara da suka wuce ta zo Garin Aduwa da irin jakunkunan nan guda goma sha biyar. Shekarar da ta gabaci zuwan nata murzuna ta yi wa garin sata da rana tsaka. Maza da yawa sun tafi arewa neman abin sawa a baka, wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka rage suka taru gindin aduwar ƙofar maigari Yahuza, ta buɗe jaka ɗaya ta nuna musu.

Safiyanu, wanda shi ke da famfon feshi a garin, ya leƙa ya ja da baya.

"Madam, mu fahimci juna. Tsutsa ta cinye mana hatsi, ke kuma kin ɗauko mana ƙarin tsutsa tun daga Tanut?"

Aka fashe da dariya. Ita ma ta yi.

"Waɗannan abincin baƙi ne, Malam Safiyanu. Baƙin suna ciki, su biyu-biyu."

"Su biyu! Gonata kaɗai sai su yi mako ba su kai bakin iyaka ba."

Ta yi musu bayani har sau uku, ba ta ɗaga murya ba. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a yi feshi. Murzuna tana ɓoye cikin zangarniya, maganin ba ya kai mata sosai, amma ƴan ƙwarin nan da ke yawo a fili shi zai fara kwashewa. A ƙarshe maigari ya ba da bakinsa. Magidanta goma sha biyar suka karɓi jaka ɗaya-ɗaya, kowa ya je ya rataye tasa a cikin rumbu, inda ruwa da rana ba za su taɓa ta ba. Madam ta hau motonta, ta ce sai kwana bakwai.

To, a garinmu namiji ne ke cika rumbu, amma mace ce ke shiga ta ɗebo. Magana kuwa ta gona ce, an yi ta a dandali an gama, babu wanda ya ga dalilin kai ta cikin gida.

Washegari da safe gwaggona Dado ta shiga rumbu ɗebo hatsin daka. Gwaggo Dado mace ce da ko ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa sai ta tsince ta. Ta ga baƙuwar jaka a rataye, ta kwance, ta zazzage a faifai. Tsutsa na motsi. Ta yi salati, ta ruga bakin danga.

"Balki! Ke Balki! Leƙa rumbunku, yaran nan za su kashe mu da ranmu. Ruɓaɓɓen gari suka rataye mana a kan hatsi!"

Balki ta leƙa ta gani, ta kira Radiya, Radiya ta kira ta gaba. Kafin hantsi an shimfiɗa tabarmi an shanya, an bakace, an tankaɗe, kaji sun yi bikin da ba su taɓa yi ba. Jakunkunan kuma aka wanke su da sabulu, aka shanya, aka ninke. Goma sha ɗaya. Huɗu ne kawai suka tsira, su ma don matan gidajen sun tafi suna Olelewa sun kwana biyu.

Da yamma Gwaggo ta tambayi ɗanta Nura, ya dawo daga gona a gajiye: "Wai jakar nan ta rumbu ta wa ce?"

"Ta Madam ce, Inna. Kar a taɓa."

"To," in ji Gwaggo. A ganinta ai ba ta ɓatar da ita ba, adana ta ma ta yi.

Ranar bakwai Madam ta dawo. Gwaggo ce ta tare ta tun a bakin gari, da ƙwarya a hannu ɗaya, ninkakkun jakunkuna a ɗayan, fuskarta cike da jin daɗi.

"Sannu da hanya, ƴar nan. Ga kayanki, mun wanke miki. Hatsin kuma ga shi tas, ko ƙwaro ɗaya babu. Amma mai sayar miki da hatsin nan, ki ce masa ya ji tsoron Allah."

Waɗanda ke wurin sun ce Madam ta tsaya da jakunkunan a hannu kamar an dasa ta. Ta san abin da su ba su sani ba. Waɗannan ne na ƙarshe da aka aiko a shekarar, babu wasu a bayansu. Hatsi ya riga ya fitar da kai, murzuna ta riga ta ƙyanƙyashe, nan da mako uku za ta gama ɓarnarta ta sauka ƙasa. Ta hana mutane feshi, ga shi ta bar su hannu wayam. Ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai ta dubi fuskar tsohuwar, ta ga mahaifiyarta. Da a rumbun Gangara aka rataye jakar nan, abin da uwarta za ta yi ke nan, ƙila ma har ta haɗa da toka.

"Na gode, Inna," ta ce. "Sun wanku."

Ta nemi wani kifaffen turmi ta zauna.

Kafin azahar labari ya gama gari. Safiyanu ya iso ƙofar maigari da famfonsa goye a baya.

"Ranka ya daɗe, sojojin Madam dai kaji sun cinye su. Me muke jira?"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Maigari ya dubi Madam.

"Na ba da bakina saboda ke. In hatsin bana ya bi na bara, garin nan sai tsofaffi da awaki. Ga Nura nan, ya riga ya gaya mini in rumbu bai cika ba, shi ma arewa zai nufa."

Gwaggo Dado tana bayan danga tana ji. Sai a lokacin ta gane abin da hannunta ya yi. Nura ne kaɗai ɗanta namiji da ya rage a gida.

Wani daga cikin mazan ya fara cewa mata ba su da hankali. Madam ta katse shi.

"A'a, Malam. Sun ga tsutsa a rumbu sun fitar da ita, aikinsu suka yi, kuma sun yi shi da kyau. Laifina ne. Na yi magana da masu gona, na manta da masu rumbu. Ranka ya daɗe, akwai jaka huɗu. Ka ba ni kwana goma sha biyu."

"Huɗu za su yi aikin sha biyar?"

"Ba za su yi ba. Sai dai in sun haihu."

"Sha biyu," in ji maigari. "Ranar sha uku Safiyanu ya cika famfonsa."

Ba ta koma Tanut ba. Ta shiga gidan Gwaggo Dado, ta sa aka tara matan gari a tsakar gida, ta yi musu bayanin da ta yi wa mazansu, daga farko har ƙarshe. Sannan ta ce ƙwarin da za su fito daga jaka huɗun nan suna bukatar tsutsar gari da yawa don su hayayyafa.

"Wa ke da gari mafi lalacewa a garin nan?"

Wace mace ce za ta ɗaga hannu a gaban ƴan'uwanta ta ce ita ce?

"A gidana dai babu," in ji Gwaggo.

Balki ta karkata kai. "Radiya, tsohuwar dusar nan da kike ɓoyewa bayan randa fa?"

"Ta awaki ce!"

"Awakin da kika sayar tun kafin azumi?"

Wuri ya ɓarke da shewa. Daga nan kunya ta tafi, kowa ta fara tona ƴar'uwarta. Madam ta ce ba baƙin ƙwaron nan mai huda ƙwaya take so ba, farar tsutsa take nema. Tana ƙoƙarin kwatantawa Gwaggo ta tare ta.

"Mai saƙa kike nufi, wadda ke dunƙule gari? Ai da kin faɗa tun farko."

Madam ta ce a ranar ta gane matan nan sun san tsutsar gari fiye da littafin da ta karanta.

Saura wurin kiwo. A ɗakin bincike kwalabe da akwatunan roba ake amfani da su, a Garin Aduwa babu. Gwaggo ta ce tukunyar ƙasa fa, ai ba ta ɗaukar zafi kamar roba. Radiya ta kawo yankin gidan sauro don rufe baki, Madam ta ce a'a, akwai magani a jikinsa, zai kashe su tun kafin su yi ƙwai. Sai aka yayyaga tsofaffin gyale. Jaka huɗun nan Madam ta saka su a babbar randa ta rufe da farin ƙyalle. Washegari ƙwarin suka fara hawowa wajen haske, tana zuƙo su ɗaya-ɗaya da siririyar roba zuwa cikin kwalba. Rabi ta kai gonar maigari ta sake, rabi ta tsare, tana ware mata da gilashinta.

Gwaggo ta ce a ba ta ta gani. Ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana leƙe.

"Wannan mai ƴar allurar a baya fa?"

"Ita ce macen, Inna. Ita ke harbin tsutsa, ita ke yin ƙwai."

"Namijin kuma me yake yi?"

"Yawo."

"Allah mai iko," in ji Gwaggo. "Har a ƙwari."

Tukunya arba'in da uku suka cika rumfar gidan. Kwana biyar da farawa aka yi wata irin rana, ruwa ya ɗauke, iska ta tsaya. Madam ta sa hannu cikin tukunya ɗaya ta ji ɗumi, ta ga ƙwari biyu a kwance. Hankalinta ya tashi. Gwaggo ta ɗauki ƙwarya ta fara ɗebo yashi, ta binne gindin tukwanen ta jiƙa, yadda ake yi wa randar ruwan sha. Daga ranar ita ta karɓi aikin jiƙa yashin, sau huɗu a yini, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Nura ya ce ta huta, ta ce masa ya je ya yi abin da ya dame shi.

Kullum Safiyanu sai ya wuce ta ƙofar gidan. "Madam, amaren sun haihu?"

"Sai ranar suna za a kira ka," in ji Balki.

Ranar goma ƙyallen bakin tukwanen suka yi baƙi da ƙwari. Mata suka ɗora tukwane a ka, suka fita a jere, wasu gabas, wasu yamma, wasu har gonakin bayan tudu. A tsakiyar hatsi kowace ta sauke ta kwance ƙyalle.

Ranar sha uku da hantsi Safiyanu ya cika famfonsa kamar yadda aka yi alkawari. Gari ya bi shi zuwa gonar maigari. Madam ta ce shi da kansa ya zaɓi zangarniya goma masu alamar murzuna, daga duk inda ya ga dama. Ya zaɓo, aka jera a kan tabarma. Ba ita ta buɗe ba. Ta cire gilashin daga wuyanta ta miƙa wa Gwaggo.

Gwaggo ta bi zanen ta farko da farce. Murzuna a kwance, ta yi baƙi ta yamutse, kewaye da ita ƴan fararen ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa. Ta biyu haka. Ta uku tsutsar na da rai, ƙatuwa, tana motsi. Safiyanu ya gyara igiyar famfonsa. Gwaggo ta jawo ta gaba. Ta huɗu matacciya. Ta biyar matacciya. Da aka gama, bakwai cikin goma sun mutu.

Safiyanu ya sauke famfon a hankali ya jingina shi da kara.

"Gwaggo, ba ni gilashin nan."

Ya tsuguna ya leƙa, ya sake leƙawa. Da ya miƙe ya ce, "To, kajin da suka ci na farkon ma a kawo su gona, ƙila da sauran aiki a cikinsu."

Ba duka hatsin ya tsira ba. Gonakin da suka riga fitar da kai sun taɓu sosai. Amma rumbuna sun cika yadda za su kai mutane wata damina, kuma Nura bai tafi ba. Yana nan har yau, da ƴaƴa uku.

Da Madam ta kai rahoton tukwanen, akwai waɗanda suka yi murmushi, wai kimiyya a tukunyar miya. Ba ta tsaya gardama ba. Ta shafe rani biyu tana gwaji a rumfarta: zurfin yashi, kaurin ƙyalle, yawan tsutsar da mace ɗaya ke bukata, yadda za a raya irin ƙwarin daga kaka har zuwa wata damina ba tare da an jira na birni ba. Abin da ta gano ta rubuta, ta sa sunan Dado da Balki da Radiya a shafin farko. Yau akwai ƙungiyoyin mata masu tukwane a ƙauyuka da dama, daga Falanko har ƙasar Belbeji. Kuma tun daga waccan shekara, duk garin da ta shiga, bayan ta gaida maigari wajen masu daka take nufa kafin ta buɗe kwalinta.

Madam Raishatu, ƴar Gangara, uwar tukwane. Ke ce kika tsaya gaban maza ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa laifi, kika ce naki ne. Ke ce kika zo da ilimin makaranta, kika zauna a kan turmi kika saurari tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ba ki raina gilashinki ba, ba ki raina tukunyarta ba. Mu da muka bar karatu muna ganin ba shi da alaƙa da gona, kin ba mu kunya, kuma mun karɓa.

Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa wannan aiki ya tarar da ke a mizani.

Masu ƴaƴa mata a Damargu, in ƴarku ta tsaya tana tona zangarniya tana tambayar abin da ke ciki, kada ku kore ta ta je ta ɗebo ruwa. Ku bar ta ta je ta nemo amsar. Ku kuma ma'aikatan da za ku gaji moton nan da hanyoyin nan, in kun gama da dandali, ku yi sallama a ƙofar gida.

Makon jiya na je gaishe ta, na tambaye ta dalilin ajiye wankakkiyar jakar nan a ginshiƙi. Ta yi dariya.

"Takardar shaidata ce. Inna Dado ta ba ni, kuma ta fi ta makaranta wuyar samu."

Na ce to yanzu da za ta ajiye aiki, wa zai karɓi tukwanen? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta tsuguna ta taɓa yashi da bayan hannu.

"Su ƙwarin ba a kawo musu takardar ajiye aiki ba. Miƙo mini butar can."